Dawaki, Dariya da Taron Gwanaye: Abin da Ke Riƙe Mai Kallo a Fim ɗin Kaboyi

A wani ɗan gari da ke kan iyakar Amurka da Meksiko, wani tsoho ya faɗi a bakin hanya ya mutu, mutane suna ta tsallake gawarsa suna wucewa. Wani baƙon ɗan kasuwa ya ga abin bai dace ba, ya zaro kuɗin jana'iza daga aljihunsa ya biya. Can sai ga mai binne gawa ya dawo masa da kuɗinsa. An haƙa kabari, an ɗaura wa keken gawa dawaki, amma mai tuƙin ya ce ba da shi ba, domin wasu 'yan gari sun rantse ba za a rufe mamacin a maƙabartarsu ba, tunda shi ba Bature ba ne, ɗan asalin ƙasar ne, cikin waɗanda ake kira jajayen Indiyawa. Ana cikin wannan ja-in-ja sai wani mutum mai baƙaƙen kaya, daga malafa har takalmi, ya ce shi zai tuƙa. Wani kuma da ke tsaye a gefe ya ari bindiga mai baki biyu ya haye kusa da shi. Kafin ya ɗura harsashi sai da ya kai shi kusa da kunne ya girgiza, ya ji ƙarar abin da ke ciki. Suka kama hanyar maƙabarta a hankali, suna 'yar hira, aka harbo su daga wata taga, aka guntule wa mai tuƙin sigarin da ke bakinsa, bai ko ƙara wa dawakin sauri ba. Da suka sauke gawar suka juyo da gudu, kiɗan Elmer Bernstein ya ɓarke, gari ya ɗauki sowa. Ɗan kasuwar nan ya tambayi mai baƙaƙen kaya daga ina yake, ya nuna bayansa da babban yatsa. Ya tambaye shi ina ya nufa, ya nuna gabansa.

Haka Yul Brynner da Steve McQueen suka shigo cikin The Magnificent Seven, fim ɗin da John Sturges ya ba da umarni a 1960. Duk abin da ke sa mutum ya maimaita kallon irin wannan fim yana cikin waɗannan 'yan mintuna. Akwai haɗari, amma ba wanda ya ɗaure fuska. Akwai zalunci, an kuma sami waɗanda suka tsaya masa ba don an biya su ba. Ga filin Allah, ga dawaki, ga kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Fiye da kome kuma, ga gwanaye biyu a zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa yana auna ɗan'uwansa, kowa ya gane ya gamu da daidai da shi. A ganina nan ne zaƙin yake. Harbi da sukuwa ana samunsu a kowane fim na kaboyi, har da marasa daɗi. Abin da ba a cika samu ba shi ne taron mutanen da za ka ji kana son a ce kai ma kana cikinsu.

Kaboyin gaske bai san wannan jin daɗi ba. Ɗan ƙwadago ne mai kora shanun wani. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas ba su da daraja, a biranen gabas kuwa nama yana tsada. Sai aka shiga kora garke zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene, inda Joseph McCoy ya buɗe zangon shanu a 1867. Tafiya ce ta wata biyu ko uku cikin ƙura da ƙishirwa, lada kuma bai wuce dala 25 zuwa 40 a wata ba. Zamanin ma bai daɗe ba. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta killace makiyaya, layin dogo ya iso har inda shanun suke, sanyin 1886 zuwa 1887 ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa. Cikin shekara ashirin da 'yan kai an gama. Abin da ya rage labari ne, shi kuma labarin tun farko da nishaɗi aka sayar da shi: Buffalo Bill ya fara yawo da wasansa na dawaki da harbi a 1883, ya kai shi har Ingila, sannan majigi ya karɓa da The Great Train Robbery a 1903, fim na kimanin minti 12.

Dalilin cika fosta da manyan sunaye

Tara taurari da yawa a fim guda ba don soyayya aka fara shi ba, kasuwa ce ta kawo. A 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin Hollywood da gidajen silimarsu. A daidai lokacin kuma talabijin yana shiga gidaje, jama'a suka rage fita kallo. Kamfanoni suka daina riƙe 'yan wasa da kwantiragin shekaru, kowane tauraro ya zama mai cin gashin kansa. James Stewart ne ya nuna wa sauran hanya a 1950, da ya yarda ya fito a Winchester '73 ba don albashi ba, sai don a ba shi kaso cikin riba. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 ne ke fitowa a talabijin ɗin Amurka kowane mako, kyauta. To me zai sa magidanci ya bar kujerarsa ya je ya sayi tikiti? Sai an ba shi abin da akwatin ɗakinsa ba zai iya ba shi ba: allo mai faɗi, launi, da fuskoki biyar ko shida waɗanda kowace ɗaya ta isa ta ɗauki fim ita kaɗai. How the West Was Won na 1962 ya kai wannan dabara maƙura, da John Wayne da Henry Fonda da James Stewart da Gregory Peck da Debbie Reynolds, daraktoci uku kuma suka raba aikin.

Sai dai shi wannan fim, duk da girmansa, taurarinsa ba su cika haɗuwa da juna ba, kowa da nasa yankin labarin. The Magnificent Seven ya bambanta. Lokacin da aka yi shi Brynner kaɗai ne babban suna. McQueen ɗan wasan talabijin ne, Charles Bronson da James Coburn da Robert Vaughn kuma ba su riga sun yi tashe ba. Fim ɗin ne ya taimaka ya mayar da su abin da suka zama. Kowa ya san dama ce ta samu, kowa yana neman ido ya tsaya a kansa. Labarin yadda McQueen ya riƙa wasa da malafarsa da harsashinsa duk lokacin da Brynner ke magana sananne ne, kuma an sha ba da labarin yadda abin ya ɓata wa Brynner rai. Amma wannan ƙyashi bai lalata fim ɗin ba, rai ya ƙara masa. Coburn kalmominsa kaɗan ne ƙwarai, da wuƙa ya gabatar da kansa: wani mai cika baki ya tashe shi daga barci ya ce lallai sai sun gwada, bindiga da wuƙa wa ya fi sauri, wuƙar ta riga isa. Bronson kuwa an same shi yana faskaren itace don a ba shi abin karin kumallo. Kowane ɗaya an ba shi minti biyu ko uku ya nuna halinsa, sannan ya matsa wa na gaba. Wannan tsari daga Japan aka aro shi, daga Seven Samurai na Akira Kurosawa, na 1954, kuma har yau da shi ake amfani duk inda za a haɗa ƙungiyar gwanaye a fim.

Gidan yarin da ya zama majalisa

In ana son ganin yadda raha da zumunci suka kori ɗaurin fuska, sai a ajiye fina-finai biyu kusa da juna. A High Noon na 1952, Gary Cooper shugaban 'yan dokan gari ne da ya ji labarin maƙiyansa na tafe a jirgin tsakar rana. Ya bi gida-gida, har coci, yana neman mai taimako, kowa ya juya masa baya. Fim ne mai nauyi, mai ɗaci, kuma yana da kyau. Darakta Howard Hawks da John Wayne ba su so shi ba. A ganinsu wanda ya san aikinsa ba ya yawon roƙon 'yan koyo su zo su mutu tare da shi. Sai suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959.

Labarin bai taka kara ya karya ba. Wayne ya kama ƙanen wani attajiri da laifin kisa, ya kulle shi, yana jiran hukuma ta zo ta tafi da shi, attajirin kuma ya kewaye garin da 'yan bindigar haya. Waɗanda ke tare da Wayne su ne mataimakinsa Dean Martin, wanda giya ta cinye, da Walter Brennan, tsoho gurgu mai mita, da Ricky Nelson, yaro mai saurin hannu, sai Angie Dickinson, baƙuwar da ta ƙi barin gari kuma ta fi Wayne baki nesa ba kusa ba. Fim ɗin ya haura awa biyu, amma harbin da ke cikinsa kaɗan ne. Yawancin lokacin suna zaune ne cikin ofishin gidan yari suna jira, suna tsokanar juna, suna lura da juna.

Dubi yadda aka buɗe shi. Mintunan farko babu mai cewa uffan. Martin ya shigo mashaya ta ƙofar baya, rigarsa duk datti, yana shafa baki, ba shi da ko sisi. Wani azzalumi ya ga halin da yake ciki, ya jefa dala cikin tasar da ake tofa yawu, yana murmushi. Martin ya durƙusa zai sa hannu. Sai ƙafar Wayne ta yi fatali da tasar. Daga wannan durƙuson har ƙarshen fim, abin da mai kallo ke bi shi ne ko mutumin nan zai miƙe. Wayne ba ya yi masa wa'azi, ba ya kuma lallashinsa. Aiki yake ba shi, ya bar shi ya shiga ta ƙofar gaba. Akwai daren da Martin ya cika kofi zai koma ruwa, hannunsa na rawa, sai ya ji busar da maƙiya suka sa a yi musu don tsoratarwa. Ya tsaya, ya mayar da giyar cikin kwalba, ko ɗigo bai zuba ba. Daga baya aka zauna, shi da Nelson, waɗanda dukansu mawaƙa ne na gaske, suka rera waƙa, tsohon yana busa, Wayne yana tsaye da kofin gahawa yana murmushi. Ba abin da wannan waƙa ta ƙara wa labarin. Amma ita ce mutane suka fi tunawa, domin a nan ne ka ga mutum huɗu da mutuwa ke jira a waje sun sami natsuwa da juna. Hawks ya san abin da ya samu, shi ya sa ya sake gina kusan labarin a El Dorado, da Wayne da Robert Mitchum da James Caan.

Daga tsakiyar shekarun 1960 dariyar ta fito fili. A Cat Ballou na 1965, Jane Fonda ta ɗauko hayar wani shahararren ɗan bindiga don ya kare mahaifinta, sai ga Lee Marvin ya iso a buge, ba ya iya samun ko bangon rumbu da harsashi. Har dokinsa an nuno shi ya jingina da bango ya harɗe ƙafafu. Marvin ya ci lambar Oscar da wannan rawa, wadda ba a cika ba ɗan wasan barkwanci ba. A Support Your Local Sheriff na 1969, James Garner ya tarar da sabon gidan yari ba a sa masa ƙarafuna ba tukuna, sai ya ja layi da alli, ya ɗiga jan fenti a ƙasa, ya bar fursuna ya yi wa kansa fassarar abin da ya faru da wanda ya tsallake layin kafin shi.

Amma sarkin wannan fage shi ne Butch Cassidy and the Sundance Kid, shi ma na 1969. Mutanen gaske ne: Robert LeRoy Parker da Harry Longabaugh, 'yan fashin jirgin ƙasa da banki, waɗanda suka gudu Kudancin Amurka, aka kuma yi imani a Bolibiya aka kashe su a 1908. William Goldman ya rubuta labarin, aka saya dala 400,000, kuɗin da ya girgiza Hollywood a lokacin. Paul Newman babban tauraro ne, Robert Redford kuwa bai kai nan ba, kamfani ma manyan sunaye yake hange, sai darakta George Roy Hill da Newman suka tsaya masa. Abin da ya fito daga haɗin nan ba a sake samun irinsa ba. Butch, wato Newman, mai surutu ne, kullum da sabuwar dabara, Sundance kuwa, wato Redford, shiru-shiru, sai harara. Suna faɗa ba dare ba rana, amma faɗan irin na taubasai ne, wanda zagin cikinsa shi ne shaidar cewa ba mai iya shiga tsakani. Sun sa wa akwatin kuɗin jirgi nakiya, ta yi yawa, taragon duka ya tarwatse, takardun kuɗi suna ta yawo a iska, Sundance ya juyo ya tambayi abokinsa ko nakiyar ta isa. An bi su kwana da kwanaki har aka ƙure su a bakin wani dutse, kogi na can ƙasa. Butch ya ce su yi tsalle, Sundance ya ƙi, ya ƙi, daga ƙarshe ya fashe da cewa shi bai iya iyo ba. Butch ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ai faɗuwar ma kaɗai ta isa ta kashe su. A Bolibiya kuma suka shiga banki da 'yar takarda a hannu suna karanto kalmomin fashi da Sifaniyanci, suna tuntuɓe. Mai kallo ya san ƙarshensu ba zai yi kyau ba, su ma sun sani, kuma wannan sanin ne ya sa rahar ta shiga rai. Fim ɗin ya fi kowanne samun kuɗi a Amurka a shekararsa, ya ci Oscar 4. Redford ya ɗauki sunan Sundance ya raɗa wa cibiyar da ya kafa a 1981 don tallafa wa masu shirya fim masu tasowa.

Daga Italiya zuwa Indiya, zuwa Kano

Irin wannan fim ba ya buƙatar ka ji Turanci, shi ya sa ya yi tafiya mai nisa. Italiyawa sun karɓe shi suka yi nasu, da yawa a hamadar Almeriya ta Sifaniya. Na Sergio Leone masu zafi ne da jini. Sai a 1970 Enzo Barboni ya juya akalar da They Call Me Trinity. Terence Hill, wanda sunansa na yanka Mario Girotti, ya shigo fim ɗin a kwance kan wani ɗan gado da dokinsa ke ja, yana barci, ƙura ta rufe shi. Ya shiga gidan abinci, aka kawo kaskon wake za a ɗiba masa, ya karɓe kaskon duka ya share shi tas da burodi. Yayansa a fim ɗin shi ne Bud Spencer, wato Carlo Pedersoli, ƙaton da ya taɓa wakiltar Italiya a gasar iyo ta Olamfik, wanda duka ɗaya yake yi wa mutum a tsakar ka ya zube. An ƙare fim ɗin da dambe na gama-gari, ba da harbi ba, kowa ya tashi yana dafe da ƙugu.

A Indiya kuma, Sholay na 1975 ya ɗauki ƙashin bayan labarin Kurosawa da Sturges ya sa masa tufafin gida. Tsohon ɗan sanda ya ɗauko ɓarayi biyu, Amitabh Bachchan da Dharmendra, su kama Gabbar Singh, ɗan fashin da ke karɓar hatsin ƙauyen Ramgarh. Ga Sanjeev Kumar, ga Hema Malini, ga Jaya Bhaduri, ga Amjad Khan. Ya shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. A ƙasar Hausa, inda aka buɗe silimar Rex a Kano tun 1937, aka kuma buɗe Palace a farkon shekarun 1950, fim ɗin kaboyi yana cikin abin da aka fara sabawa da shi kafin na Indiya su mamaye allo. Don haka wanda ya kalli Sholay a Kano ko Kaduna ko Damagaram, kaboyi ya kalla ta wata ƙofar, da ƙarin waƙa da rawa.

A Amurka kanta kasuwar ta faɗi. Heaven's Gate na 1980 ya ci kusan dala miliyan 44, bai dawo da ko miliyan 4 ba, kamfanin United Artists ya durƙushe har aka sayar da shi, masu kuɗi suka guji duk wani fim mai doki. Lawrence Kasdan ne ya yi ƙarfin hali a 1985 da Silverado, kuma da gangan ya zuba duk abin da ya ƙaunata tun yana yaro. Scott Glenn ya tsinci Kevin Kline a tsakiyar hamada, 'yan fashi sun tuɓe shi sun bar shi da kayan ciki, daga nan Kline ya bi ya karɓo dokinsa, da malafarsa, da bindigarsa, ɗaya bayan ɗaya. Danny Glover ya shiga mashaya aka hana shi abin sha saboda launin fatarsa. Kevin Costner, wanda Kasdan ya yanke fitowarsa daga fim ɗinsa na baya, The Big Chill, an biya shi da rawar wani saurayi mai rawar kai da ke lilo a ƙarafunan kurkuku ana gobe za a rataye shi. John Cleese, ɗan barkwancin Ingila, shi ne shugaban 'yan doka; ya biyo su da sukuwa, da aka harbe masa malafa sai ya ja linzami ya ce yau iyakar ikonsa nan ta tsaya. Ga Linda Hunt, 'yar ƙaramar mace mai mashaya, wadda ta sa aka yi mata dakali a bayan kanta don ta riƙa kallon kowa ido da ido. Abotarta da Kline ita ce abu mafi taushi a fim ɗin. Maverick na 1994 ya bi sahu, da Mel Gibson da Jodie Foster da James Garner, wanda shi ne ya fara taka rawar Maverick a talabijin a 1957. Mayaudara uku ne ke bin juna zuwa gasar karta a jirgin ruwa, kowa hannunsa cikin aljihun ɗan'uwansa.

Kada a ɗauka tara sunaye kaɗai ya isa. Wild Wild West na 1999 yana da Will Smith da Kevin Kline da Kenneth Branagh da Salma Hayek, an kashe masa kimanin dala miliyan 170, har da ƙaton gizo-gizo na ƙarfe. Bai yi armashi ba. Smith da Kline suna tsaye wuri guda amma kowa wasansa yake yi, ba mai sauraren wani, kuma ba inji ko kwamfutar da za ta iya ƙera abin da ke tsakanin Newman da Redford. Gwani ne Kline a Silverado, gwani ne a nan ma. Abokin hira ya rasa.

Waɗanda aka bari a bayan fage

Wannan nishaɗi yana da bashin da bai biya ba, kuma bai kamata mai ƙaunarsa ya kau da kai ba. Filin nan mai faɗi da jarumai ke sukuwa a ciki yana da masu shi. An kore su ne da doka da bindiga, tun daga dokar kwashe su ta 1830 har kisan kiyashin Wounded Knee a 1890. Fina-finai da yawa sun mayar da su abin harbi kawai, marasa suna, marasa magana. Masana tarihi kuma sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu kora shanun nan baƙar fata ne, wasu da yawa kuma 'yan Meksiko, amma allo ya shekara da shekaru yana nuna su duka Turawa.

Abin da ya burge ni shi ne, sau da yawa masu raha ne suka fara taɓo wannan miki. Woody Strode ya tsaya daidai da Burt Lancaster da Lee Marvin da Robert Ryan a The Professionals na 1966. Sidney Poitier ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, Buck and the Preacher, a 1972, shi da Harry Belafonte da Ruby Dee, kan 'yantattun bayi masu ƙaura zuwa yamma, Belafonte yana malamin coci na bogi mai ɓoye bindiga cikin littafinsa. Blazing Saddles na Mel Brooks, a 1974, ya naɗa Cleavon Little, baƙar fata, shugaban 'yan doka a garin masu wariya, ya bar wautarsu ta tona kanta. A Maverick, Graham Greene, wanda shi kansa ɗan asalin Kanada ne daga ƙabilar Oneida, ya fito a matsayin shugaban da ke shafa fenti yana buga ganga don wani basaraken Rasha mai kuɗi yana son ganin Indiyawan da ya saba ji a labari, shi kuwa yana karɓar kuɗinsa yana tsaki. A 2021 Jeymes Samuel ya tara Idris Elba da Regina King da Jonathan Majors da Delroy Lindo a The Harder They Fall, ya ba su sunayen baƙaƙen mutanen da suka rayu da gaske a yammacin Amurka, irin su Nat Love da Bass Reeves, ko da yake labarin ƙirƙira ne.

Akwai kuma wani nauyin da ya shafe mu kai tsaye. Calvera, shugaban 'yan fashi a The Magnificent Seven, wanda Eli Wallach ya fito a matsayinsa, yakan zo wani ƙauye ne ya kwashe amfanin gona, ya bar wa manoma abin da zai hana su mutuwa don su sake nomawa. Wanda ya kalli wannan a silima shekara hamsin da suka wuce labarin wata ƙasa ya kalla. Manomin Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, wanda 'yan bindiga suka sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa, ba zai kalle shi haka ba. Kuma fim ɗin, duk da kiɗansa mai daɗi, bai raina manoman ba. Wasu yara uku sun maƙale wa Bronson, suka ce masa iyayensu matsorata ne. Ya kama ɗaya ya tsala masa duka, ya ce musu ɗaukar bindiga ba shi ne jarumta ba. Iyayensu suna ɗauke da nauyin iyali da na gona, kullum, ba tabbacin abin da za a girba, shi kuwa bai taɓa samun zuciyar ɗaukar irin wannan kaya ba. Huɗu cikin 'yan bindiga bakwai ɗin da manoman suka ɗauko haya sun mutu a ƙauyen, ladan da aka yi musu alkawari kuwa dala 20 ne kowanne. Da za su tafi, Brynner ya ce manoma ne suka ci nasara, ba su ba.

Wanda ya fara duban wannan al'amari daga wajenmu ɗan Nijar ne. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015, ya yi wani gajeren fim a 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi, Jimmy, ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafuna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Kowa ya zaɓi sabon suna, wannan Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar cikinsu kuma Reine Christine. Suka hau dawaki suka shiga kwaikwayon abin da suka gani a allo, da karta da faɗan mashaya. Da farko abin dariya ne, kuma Alassane ya bar shi ya ba da dariya, domin shi ma yana ƙaunar waɗannan fina-finai. Sannu a hankali wasan ya koma ta'adi a kan mutanen garinsu, dattawa suka rasa yadda za su yi da 'ya'yansu, ƙungiyar ta juya wa kanta, har aka zubar da jini. Zalika Souley, wadda ta fito a matsayin Reine Christine, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a Afirka ta Yamma, ta kuma sha tsangwama daga mutanen da suka kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu. Rahmatou Keïta ta ba da labarin rayuwarta a wani fim na gaskiya mai suna Al'lèèssi. Zalika ta rasu a 2021.